Mudun Kasuwa da Mizanin Mahalicci

A ranar Lahadin godiyar kaka ta bara, a wata mujami'a da ke bayan ganuwar Zariya inda na daɗe ina koyar da ajin matasa, bayan da matan zumunta suka shigo da damman dawa da ƙoren gyaɗa a ka suna rangaɗa guɗa, bayan kuma da masu hali suka miƙa nasu baikon aka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya jama'a na tafi, sai idona ya faɗa kan wani saurayi zaune a bencin ƙarshe, dab da ƙofa, ya sunkuyar da kai yana murza wata 'yar ambulan a tafin hannunsa. Yaron nan na san shi tun yana goye. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara uku yana zagaya ofisoshi da takardunsa har gefensu ya nannaɗe, daga bisani ya karɓi Keke Napep na wani yana kai masa balas kowace yamma. Kafin a sa albarka sai na ga ya zare jiki ya fice. Na bi shi, na iske shi a gindin darbejiya yana ƙoƙarin tayar da kekensa, na ce, "Ɗana, lafiya ka fito ba a tashi ba?" Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ni wane ne da zan fita gaban jama'a da naira ɗari biyar, alhali waɗanda muka yi aji ɗaya da su suna ajiye dubu hamsin? Gara in tafi da sauran mutuncina."

Kalmar nan tasa ta "ni wane ne" ita ta hana ni barci a daren nan, domin ba daga bakinsa na fara jin ta ba. Na ji ta daga budurwar da ta fi kowa murya a cikin mawaƙa, amma in aka ce ta ja baiti sai ta ɓuya bayan 'yan'uwanta, saboda ta tabbata a ranta cewa baƙar fatarta da gajartarta su jama'a za su kalla. Na ji ta daga ɗalibin da ya fito daga ƙauye da sakamako mai kyau, ya shiga jami'a ya zama kurman ƙarfi da yaji a cikin aji, don gudun kada a yi wa Turancinsa dariya. Na ji ta daga wadda ta haura shekara talatin ba ta yi aure ba, ta daina zuwa bukukuwan ƙawayenta gaba ɗaya. Wannan ita ce cutar raina kai, watau mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba a bakin komai yake ba, ya kuma ci gaba da zama a ƙarƙashin wannan hukunci kamar ɗaurarren da ya kulle kansa ya jefa makulli a rijiya. Wani likitan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya mai suna Alfred Adler, wanda ya rasu a 1937, shi ya shahara da bincike a kanta, ya nuna cewa kowane ɗan Adam yakan fara rayuwa yana ƙarami mai rauni a tsakanin manya, cewa kuma wannan jin gazawa yana iya zama abin da zai zaburar da shi ga himma, yana kuma iya daskarewa ya zama ƙangi. Bayaninsa na da amfani, sai dai ni a matsayina na mai bin Almasihu ina ganin mas'alar ta zarce fagen likitanci ta shiga fagen imani, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce: wa ke da hakkin faɗin ƙimar mutum?

Kafin a amsa wannan, wajibi ne a raba abu biyu da muka daɗe muna cakuɗawa, watau tawali'u da raina kai. Mu mutane ne da aka rena a kan kunya da kara da ladabi, aka koya mana cewa yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, ba ya yabon kansa, ba ya gaba da gabansa. Kuma tarbiyya ce mai kyau wadda ba ni fatan mu rabu da ita. Amma da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka cewa in suka ƙi karɓar aikin da aka ba su, suka ce ba za su iya ba, suka noƙe a bayan jama'a, to, sun cika sharaɗin tawali'un da ake wa'azi a kai. Haƙiƙa akwai tazara mai nisa tsakaninsu. Mai tawali'u ya san baiwar da ke gare shi, ya san kuma Wanda ya ba shi, saboda haka yakan yi aiki da ita hankalinsa kwance, in an yabe shi ya mai da yabon ga Mai shi, in an kushe shi ya gyara abin gyarawa ya wuce. Mai raina kai kuwa, ko da yake a zahiri ya fi kowa sunkuyar da kai, a baɗini babu wanda ya kai shi shagala da kansa, domin dare da rana tunaninsa ɗaya ne: yaya aka gan ni, me aka ce da ni, wa ya fi ni? Ta wannan fuska raina kai da girman kai 'yan ɗaki ɗaya ne, dukansu biyu madubi suke riƙe da shi, ɗaya yana kallo yana murna, ɗaya yana kallo yana baƙin ciki.

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen hatsi ya san cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai an yarda da mudun da za a yi awo da shi, kuma mai wayo yakan duba mudun tun kafin ya duba hatsin, domin in mudu ya lotsa ko an bubbuge gindinsa, to, an cuce ka tun ba a fara awo ba. Matashin da ya raina kansa ya karɓi wani mudu ne daga hannun duniya ba tare da ya jujjuya shi ya duba ba. Mudun nan abin da yake aunawa sananne ne: takardar shaidar karatu, da albashi, da nasaba, da hasken fata, da santsin Turanci, da mota, da ranar aure. A zamanin ƙuruciyarmu saurayi da sa'o'insa na unguwa kaɗai yake gwada kansa, ya kuma san cikinsu da bayansu, ya san wanda ya sa sabuwar riga da salla ko Kirsimeti bashi ubansa ya ci. Yau kuwa wayar da ke aljihunsa tana kawo masa hotunan dubban mutane ta Facebook da TikTok tun daga farkawarsa har kwanciyarsa, kowannensu ya zaɓi sa'ar da ta fi kyau a rayuwarsa ya nuna, ya ɓoye sauran, shi kuwa mai kallo sai ya ɗauki dukan rayuwarsa, da yunwarta da bashinta da hawayenta, ya gwada da wannan zaɓaɓɓiyar sa'a ta wani. Yaya za a yi irin wannan awo ya fito daidai?

Ga matashi Kirista mai jin Hausa akwai ƙarin nauyi a kan wannan, wanda bai kamata mu rufe ido a kansa ba. A biranenmu mujami'u da yawa suna yin sujada biyu ranar Lahadi, ta Turanci da ta Hausa, kuma ba tare da wani ya furta ba, an wayi gari ana ɗaukar ta farko ta wayayyu ce, ta biyu ta tsofaffi da 'yan ƙauye, har ka ga saurayin da addu'arsa ba ta fita daga zuciya sai da Hausa yana ɓoye Littafi Mai Tsarki na Hausa a ƙarƙashin hammata. Shi kuwa Bahaushe Kirista, wanda iyayensa ko kakanninsa suka fito daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, sau da yawa yakan tsinci kansa a tsaka mai wuya: a gida ana mamakin addininsa, in ya tafi Kudu 'yan'uwansa masu bi suna mamakin sunansa da harshensa, har yakan fara jin kamar shi baƙo ne a ko'ina. Wanda aka daɗe ana tambayarsa ko shi wane ne, wata rana shi ma zai fara tambayar kansa.

A cikin Littafin Ƙidaya akwai labarin da ban san wanda ya fi shi tona asirin wannan cuta ba. Annabi Musa ya aiki mutum goma sha biyu, shugabanni daga kowace kabila, su leƙo asirin ƙasar Kan'ana, suka yi kwana arba'in suka komo da nonon inabi wanda sai da mutum biyu suka rataya shi a sanda. Dukansu ƙasa ɗaya suka gani, da birane masu ganuwa iri ɗaya, da ƙattin mutane iri ɗaya. Amma goma daga cikinsu suka karya zuciyar jama'a, suka ba da rahoto cewa da suka tsaya kusa da ƙattin nan sai suka ga kansu tamkar fara, suka kuma ƙara da cewa haka mutanen ƙasar ma suka ɗauke su. A lura da jerin maganar, domin hikimar tana nan: a idon kansu suka fara zama fara, sa'an nan suka ɗora wannan gani a kan idon wasu. Wa ya gaya musu yadda Kan'aniyawa suka gan su? 'Yan leƙen asiri ne, ba su tsaya sun tambayi kowa ba. Gaskiyar al'amarin ba ta fito ba sai bayan shekara arba'in, sa'ad da Joshuwa ya aiki mutum biyu Yariko, wata mace mai suna Rahab ta bayyana musu cewa tun ranar da labarin ƙetare teku ya iso ƙasar, tsoron Isra'ilawa ya kashe wa mutanenta jiki. Ashe waɗanda suke gudu, su ake tsoro. Tsara guda ta ƙare a jeji saboda wani zato da ta yi game da abin da ke cikin zuciyar wasu, zaton da ba shi da tushe. Sau nawa matashi yakan fasa neman aiki, ko neman aure, ko buɗe baki a taro, saboda ya riga ya karanta raini a fuskokin mutanen da hankalinsu ma ba ya kansa?

Mai yiwuwa wani ya ce maganin abin shi ne samu, in yaron nan ya sami aiki da mota ciwon zai warke. Tarihin Sarki Saul ya ƙaryata wannan. Mutum ne kyakkyawa, ɗan gidan wadata, wanda ya fi dukan jama'arsa tsawo, duk da haka ranar da Annabi Sama'ila ya tara Isra'ila a Mizfa don ya nuna musu sarkinsu, sai aka neme shi aka rasa, aka same shi a ɓoye cikin kaya. An naɗa shi, ya ci yaƙe-yaƙe, amma ƙaramin mutumin da ya ɓuya cikin kaya bai taɓa fita daga zuciyarsa ba: tsoron bakin jama'a ya sa ya saɓa wa umarnin Allah, ranar kuwa da matan gari suka fifita Dawuda a kansa cikin waƙarsu, sai hassada ta kama shi har ya kai ga jifan yaron da mashi. Rawani bai warkar da shi ba, sai ma ya ba ciwon makami. Haka muke gani har yau: mai raina kai in ya rasa yakan noƙe, in ya samu yakan zama mai fariya da danniya, domin har yanzu mudun nan na kasuwa ne a hannunsa, kuma kullum akwai wanda mudunsa ya fi nasa tozo.

Saboda haka magani na haƙiƙa shi ne a ajiye mudun gaba ɗaya a koma ga mizanin Mahalicci, kuma bangaskiyar Kirista ta kafa wannan mizani a kan ginshiƙi biyu. Na farko shi ne halitta. Surar farko ta Littafin Farawa ta koyar da cewa an halicci ɗan Adam, namiji da mace, cikin kamannin Allah, kuma an ba shi wannan karama tun bai noma ko kunya ɗaya ba, tun bai ci jarrabawa ko ɗaya ba. Abin da ba da aikinka ka same shi ba kuwa, rashin aiki ba ya ƙwace maka shi. Na biyu shi ne fansa. Ƙimar kaya a kasuwa ana gane ta ne daga abin da mai saye ya yarda ya biya, mu kuwa mun gaskata cewa abin da aka biya domin ran mai tuƙa keke da ran shugaban jami'a abu ɗaya ne, watau ran Almasihu a kan gicciye, ba a yi wa ɗaya ragi ba, ba a ƙara wa ɗaya ba. Shi kansa Almasihun da ya zo duniya, a komin dabbobi aka kwantar da shi, ya girma a Nazarat, garin da mutanen zamaninsa ba su zaton wani alheri zai fito daga cikinsa, ya yi sana'ar sassaƙa, ya zaɓi masunta su zama manzanninsa, mutanen da karin harshensu na Galili yakan tona asalinsu a Urushalima. In da hasken nasaba da santsin harshe su ne mizani a wurin Allah, da ba ta wannan ƙofa ya shigo ba.

Daga nan ne nake cewa, da dukan tausayin da nake da shi ga mai wannan ciwo, raina kai wani nau'i ne na shaidar zur. Wanda ya dubi tukunya ya ce ba ta da amfani, maginin ya zaga. Wanda kuma ya dubi kansa ya ce shi banza ne, ya ba da shaida a kan aikin Allah da abin da Allah bai faɗa ba. Ban faɗi haka don in ƙara wa mai nauyi kaya ba. Na faɗa ne domin a cikinsa akwai 'yanci: in hukuncin da ka yanke wa kanka ba ka da hurumin yanke shi tun farko, to, ba dole ka ci gaba da zaman kurkukunsa ba. Mefiboshet, jikan Saul ɗin nan, wanda ya gurgunce tun yana ɗan shekara biyar, da aka kawo shi gaban Sarki Dawuda sai ya kwatanta kansa da mushen kare. Dawuda bai tsaya musu da shi ba, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ba shi wurin zama a teburin sarki tare da 'ya'yan sarki muddin ransa. Ƙafafunsa ba su warke ba, matsayinsa ne ya tabbata, kuma saboda alkawarin da ke tsakanin sarki da mahaifinsa ne, ba don wani abin da ya kawo ba.

Ba sai mun tsaya ga mutanen dā na ƙasar Kan'ana ba, a ƙasarmu ma akwai abin lura. Dorugu yaro ne Bahaushe daga yankin Damagaram wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Tumbuktu, ya tafi Ingila tare da shi a 1855. Kuma daga bakin wannan yaron da aka taɓa sa wa kuɗi a kasuwa wani masani mai suna Malam Schön ya ɗebi Hausar da ya yi aiki da ita a littattafansa na nahawu da ƙamus. Harshen da saurayinmu yake jin kunyarsa yau, masana sun zauna gaban 'yantaccen bawa suna koyonsa, kuma tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki dukansa a cikinsa. Dubi kuma Wusasa, ɗan ƙauyen da ke gindin dutse a yammacin Zariya, inda mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a birni a 1905 ya koma a 1929, inda mujami'arsu ta ginin ƙasa take tsaye har yanzu. Jama'a ce 'yar kaɗan, marasa dukiya, amma daga cikinta Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, wanda babban asibiti a Kaduna yake ɗauke da sunansa. A makarantarta Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A can kuma Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai wa'azin bishara, wanda ragamar Najeriya ta faɗo hannunsa yana da shekara 31. Ban kawo sunayen nan don in ƙera wani sabon mudu ba, domin a bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwan malaman makaranta da ungozomomi da manoma da ba a rubuta sunansu ba, waɗanda darajarsu ba ta gaza tasu ba. Abin da nake nunawa shi ne, ƙanƙantar wuri da ƙarancin adadi ba su hana yara tashi da tabbacin cewa su mutane ne, in dai an shayar da su wannan tabbaci tun suna ƙanana.

Na san akwai mai cewa, "Malam, magana ba ta cika ciki, talauci gaskiya ne, rashin aiki gaskiya ne, wariya da son kai wajen ɗaukar ma'aikata gaskiya ne." Na yarda, kuma ba na cikin masu cewa matashi ya rungume hannu ya kira zalunci ƙaddara. Sai dai wanda ya tabbata shi mutum ne shi ke iya tsayawa ya nemi hakkinsa. Wanda ya yarda shi fara ne ba ya ko ɗaga murya. Misalin nan da Almasihu ya bayar a Linjilar Matiyu na maigidan da ya raba wa bayinsa uku dukiya kafin ya yi tafiya, ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya guda, bai ɓoye cewa rabo ba ɗaya ba ne, yadda yatsun hannu ba ɗaya ba ne. Amma abin mamaki a ciki shi ne, mai biyar da ya ribato biyar da mai biyu da ya ribato biyu yabo iri ɗaya suka samu, ba bambanci ko na kalma, domin amana aka auna, ba yawa ba. Wanda aka tsauta wa shi ne wanda tsoro ya sa ya tona rami ya binne nasa. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, kuma matasa da yawa shekarunsu na ƙarfi suna ƙarewa ne wajen ƙirga talantin maƙwabci, nasu na kwance cikin ƙasa. Tabbacin zuciya ba ya saukowa ga mai zaune yana jiran ya ji shi kafin ya motsa. Yakan tsiro ne daga ƙaramin aikin da aka kama aka gama, ɗinki ɗaya da aka yi da kyau, kunya goma da aka nome, yaro ɗaya da aka koya wa karatu.

Sa'an nan dole mu manya mu karɓi namu rabon laifin, domin mudun nan ba daga waya kaɗai yaranmu suka samo shi ba. Uban da kullum yake ce wa ɗansa "ka ga ɗan wane", da uwar da take kiran 'yarta da sunan aibinta tana ganin wasa ne, suna shuka abin da zai ɗauki shekara talatin ana cirewa. Ikkilisiya ma ba ta kuɓuta ba. Wasiƙar Yakubu ta yi kashedi ƙarara game da ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye, amma mu ne muke shelar adadin baikon masu kuɗi da lasifika, mu ne muke ware kujerun gaba, mu ne kuma muke sauraron wa'azin da ke nuna cewa dukiya ita ce hujjar yardar Allah, har matashi mai gaskiya da bai samu ba ya koma gida yana tuhumar imaninsa. Manzo Bulus ya kwatanta jama'ar masu bi da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, ya nuna cewa gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya rabuwa da su. In mun gaskata haka, to, mu ba matasa aiki na gaske a cikin jama'a, mu bar su su yi kuskure mu gyara musu a keɓe, mu yaba musu a sarari, mu daina auna su da abin da suka sa a faranti.

Ga shi kuma matashin kansa, nasihata a taƙaice take. Ka rage zama da abin da ke ƙara maka ciwo, ko waya ce ko majalisar da ba a tashi sai an kushe wani. Ka nemi dattijo ko dattijuwa mai riƙon amana ka faɗi abin da ke ranka da baki, gama ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓa. Ka riƙa ƙirga ni'imomin da ke hannunka cikin addu'a da sunayensu, domin godiya da raina kai ba su daɗewa a zuciya ɗaya. In kuwa nauyin ya kai ga hana barci da ci, ko ya kai ga tunanin cewa mutuwa ta fi, to, wannan ya zama rashin lafiya da ke bukatar likita, kuma zuwa asibiti ba raunin imani ba ne, kamar yadda ɗaurin karaya ba raunin imani ba ne.

Shi kuwa saurayin nan na gindin darbejiya, ban yi masa dogon wa'azi ba. Na tuna masa da ranar da Almasihu ya zauna daura da akwatin baiko a Haikali yana kallon attajirai suna zuba kuɗi masu yawa, sai ga wata gwauruwa matalauciya ta jefa 'yan anini biyu, ya kira almajiransa ya nuna musu ita, ya shaida cewa ta fi su duka bayarwa, domin su daga rarar dukiyarsu suka ɗiba, ita kuwa abin da za ta ci ta bayar. Na ce, "Ɗana, ɗari biyar ɗin nan, daga ina ta fito?" Ya ce, "Abin da ya rage mini ke nan jiya bayan na kai balas na sha mai." Na ce, "To, Wanda ya zauna daura da akwatin nan ran nan, yau ma yana zaune, kuma ya san lissafi." Ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya kashe keken, muka koma ciki tare, ya taka har gaba ya ajiye ambulan ɗinsa, ba a ambaci sunansa ba, ba wanda ya tafa. Har yau da nake wannan rubutu keken nan yake tuƙawa, takardunsa na nan cikin jaka yana ci gaba da nema. Sai dai kowace safiyar Lahadi yakan zagaya ya ɗauko tsofaffi mata uku da ƙafa ta gaza musu ya kawo su sujada kyauta, da yammacin Asabar kuma yana koya wa yaran unguwa lissafi a baranda, kuma da muka buƙaci wanda zai karanta nassi da Hausa a taron matasa na watan jiya, shi ya fara ɗaga hannu.